Sulken Jarka

A bakin titin Sheme, kusa da masu sayar da rake, akwai wata 'yar rumfa inda Jabiru ke liƙin roba. Bokiti ya tsage, baho ya huje, buta ta fara yoyo, duk wurinsa ake kaiwa. Ya sa ƙarfe a garwashi, ya yanko guntun tsohuwar roba, ya narka ya shafe, sai ka rantse haka abin ya fito daga kamfani. Da a nan ya tsaya, da babu mai ce masa kanzil. To amma Jabiru yana da wani ciwo, kuma a waya ya ɗauko shi.

Wata rana da kasuwa ta yi sanyi ya ci karo da bidiyon wasu mutane a wata ƙasa, manya da su, wasu har da furfura, suna ƙera sulke irin na sojojin da ake nunawa a fim suna yaƙi a wasu duniyoyi can bayan taurari. Ba yaƙin suke zuwa ba fa. Su ƙera, su saka, su yi hoto, su cire su ajiye. Mai hankali tsaki zai ja ya wuce. Jabiru kuwa ya dubi ƙirjin sulken, ya dubi jarkar man gyaɗan da ke gabansa, ya ce a ransa, ai wannan jarka ce.

Tun daga ranar, duk jarkar da ta wuce liƙi ba ya bari a yar. Ya tsaga ta, ya gasa a kan garwashi har ta yi laushi, ya kifa ta a jikin turmin matarsa Hamida ya danne da tsumma, ta huce ta ɗauki lanƙwasar ƙirji. Kafaɗu daga gindin bokiti ya fitar da su. Damatsa da ƙwauri kuwa bututun ruwa ne na roba ya tsaga ya buɗa. Ya shimfiɗa soson tsohuwar katifa a ciki don kada roba ta ci masa fata, ya haɗa gaɓoɓin da maɗaurin jakunkunan 'yan makaranta. Kan shi ne abin kallo: hular kwano ce ta 'yan acaɓa, ya ƙara mata haɓa, ya sa mata baƙin gilashi, ya dasa jajayen ƙwayayen tocila guda biyu a ciki masu cin batirin waya. Ya fesa wa komai fenti ruwan azurfa, ya bi lungu-lungu da baƙi, har da ƙirƙiro masa tabo da karce don a ce ya sha yaƙi. Shekaru ya kwashe yana wannan aiki, yana warwarewa yana sakewa.

Gaskiya dai guda ce, abin ya yi kyau. Sai dai kyan ɗan maciji ne ga mai shi, don in ya saka ba ya iya zama, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, hannu ba ya wuce kafaɗa, zufa ta yi ta tsiyaya, gilashin ya yi hazo har ya daina ganin gabansa. Duk wannan bai dame shi ba. Akwai wani zaure a waya na masu irin ciwonsa, can yake tura hotuna. Ranar da wani mutumin Indonesiya ya rubuto masa wata kalma da bai san ma'anarta ba, amma da ɗan hoton wuta a ƙarshenta, Jabiru ya wuni yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Mutanen gari kuwa abin nema ya samu. Suka raɗa masa Jabiru Jarka. In ya zo wucewa ta teburin mai shayi sai wani ya ɗaga murya, "Sarkin yaƙin sama, yaushe za a tashi? In ka isa wata ka gaishe mamu da su." Mata a wurin niƙa su tambayi Hamida ko mijinta ya sauko. Duk yana shanyewa. Wadda ba ta shanyuwa ita ce ta yayansa Lawwali, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi mai 'ya'ya cike da gida, kuma ɗaya daga cikin 'yan sa-kai masu gadin gari saboda ɓarayin daji. Lawwali ba ya ma yi masa ba'a. Kallonsa kawai yake yi daga sama har ƙasa ya ce, "Mutane na kasa zuwa gonakinsu don tsoro, kai kana wasan 'yar tsana. Da gemunka, Jabiru." Ya tofar da yawu ya wuce. Jabiru zai iya ba da sulken da rumfar gaba ɗaya don yayan nan nasa ya dube shi sau ɗaya a matsayin mutum.

Ana nan, wata safiya cikin damina, ruwa ya ɗauke, gari ya yi wasai, Jabiru ya ce yau hoto zai yi kyau. Ya cusa kayan a buhu, ya ɗaure a keke, ya nufi wani falalen dutse bayan gonaki ta hanyar Ruwan Godiya. Kowa ya san wurin ba na zuwa yawo ba ne a wannan zamani, amma mai ciwon hoto ba ya jin kira. Ya shirya tsaf, ya kunna jajayen idanun, ya jingina wayar da dutse, ya hau ya tsaya ƙiƙam yana ƙyalli cikin rana.

A daidai lokacin wasu ɓarayi uku a kan babur ɗaya suka ɓullo daga cikin dawa, suna kore da shanun huɗa guda biyu. Shanun na Barau ne, shugaban 'yan sa-kan unguwar, wanda suka riska a gona ba bindiga, ya yi wuf ya faɗa tsakanin kunyoyin dawa ya kwanta rub da ciki, ya bar musu shanun da garmar. Ɓarayin suka ɗaga kai suka ga wani abu fari fat a kan dutse, ba fuska, idanu ja kamar garwashi. Na bayan ya saki harbi ɗaya a firgice, harsashin ya tafi neman gajimare.

Jabiru ya so ya ruga, gwiwa ta ƙi. Ya so ya ɗaga hannu sama ya nuna ya miƙa wuya, hannun ya tsaya iyakar kafaɗa, miƙe sambal yana nuna su. Ɓarayin suka ga abin ya saita su. Mai tuƙi ya juya babur har yana neman kayar da su, suka yi daji, ko waiwaye babu. Banza ta kori wofi.

Barau ya rarrafo daga cikin dawa, laka har gira. Ya matso a hankali, ya gane ƙafafun Jabiru cikin silifa, sannan idonsa ya kai kan wani abu. Ruwa ne ke fitowa ta ƙasan sulken, yana bin ƙwauri, yana gangarowa kan dutse. To duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san labarin maganin bindiga na gaske, cewa in an harbi mai shi harsashi ruwa yake zama. Barau ya ja da baya ya dafe kai.

"La'ilaha illallahu! Harsashi ya zama ruwa! Da idona na gani!"

Ya dangwali ruwan da yatsa ya shafa a ƙirjinsa don neman tubarraki. Jabiru yana cikin hular kwano yana kallonsa ta hazon gilashi, ya san sarai ko wane irin ruwa ne, don har yanzu yana jin ɗuminsa a cinya. Wane namiji ne zai ce wa shugaban 'yan sa-kai abin da ka shafa ɗin nan fitsarina ne?

Barau kuwa yana da dalilinsa na kambama labarin, don iya girman abin al'ajabin, iya yadda za a manta a tambaye shi inda yake kwance lokacin da ake kora masa shanu. Kafin azahar harbi ɗaya ya zama ruwan harsasai. Da labarin ya isa Faskari ɓarayin sun kai ashirin. A Ƙanƙara an ce har bindigoginsu sun narke, a Sabuwa kuma wani ya rantse cewa sulken tashi yake yi. Kada ka yi saurin yi musu dariya. Mutanen da aka hana noma, aka kwashe musu dabbobi, suka gaji da binne 'yan'uwa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma dai wauta wauta ce, ko da hawaye aka yi ta.

Washegari Jabiru Jarka ya wayi gari Malam Jabiru. Mai shayin da a teburinsa ake aikensa duniyar wata ya goge masa benci da hannun rigarsa. Masu kawo bokiti suka koma durƙusawa kafin su miƙa. Wata tsohuwa ta kawo jikanta mai farfaɗiya a shafa masa kai. In an tambaye shi sirrin abin sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ikon Allah ne." Ba ƙarya ya yi ba, amma ya san yadda za a ji ta.

Da la'asar sai ga Lawwali. Bai tsaya daga bakin titi ba kamar yadda ya saba, ya shigo rumfar ya zauna a kan wata jarka, ya daɗe yana murza hularsa.

"Ashe aiki kake mamu, muna zaginka," in ji shi. "Ni na hi kowa laihi. Ka yahe mani, ƙanena."

Ya ciro goro ya ɓara biyu ya miƙa masa rabi. Jabiru ya karɓa. Wani daɗi ya cika masa ciki har ya ji ƙwalla, kuma a nan ne ya kamata ya yi magana, bai yi ba. Ya tauna goron ya ce babu komai, Yaya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da kuwa da shiru aka haƙa shi. Ba a jima ba 'yan sa-kan ƙauyukan yankin suka yanke shawarar shiga daji su tashi wata dabar ɓarayi da ta hana kowa zuwa gona. Barau ya zo rumfa da kansa, da mutane biye da shi, ya ce an gama magana: sulke ne zai shige gaba, sauran su biyo bayansa. Shi da ya so ya saka da kansa, wallahi ya so, sai dai tumbinsa ba zai shiga ba. An duba an ga Lawwali ne jikinsu ɗaya da Jabiru, ga shi kuma jini ɗaya, maganin ba zai yi masa gardama ba. Lawwali yana gefe yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Shi da aka sani da taka-tsantsan, mai bin bayan itace, mai cewa gara a ce da kai matsoraci da a ce Allah ya ji ƙanka.

Jabiru ya koma gida ya tarar da Hamida tana tankaɗe a tsakar gida. Labari ya riga shi isowa. Ba ta ɗago ba ta kira shi da sunan ɗiyarsu ta ce, "Baban Baraka, ni hwa na wanke wandon nan."

"Wane wando?"

"Wanda harsashi ya zama ruwa cikinshi. Na yi shiru don na ga kana jin daɗi, na ce bari bawan Allah shi ɗan sha iska, ya daɗe ana taka shi. Amma yanzu maganar rai ake. Jarka ce, ni da kai mun sani. Kan turmina ka lanƙwasa ta. In sunka harbe Yaya Lawwali cikinta, wa za ya riƙa ɗiyanshi? Kai, da liƙin buta?"

Jabiru ya juya. Ya shiga ɗaki ya tsaya gaban sulken da ke rataye a bango, yana ƙyalli abinsa, bai san abin da ake ciki ba. Tsoro ya kama Jabiru, irin wanda ya fi na kan dutse, don wancan na ransa ne shi kaɗai.

Ya sami Lawwali a gona yana zuba taki. Ya gaya masa komai tiryan-tiryan, da hannun da ya ƙi ɗaguwa, da harbin da ya tafi sama, har da ruwan. Yana faɗa kansa a sunkuye. Lawwali ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya dafa masa kafaɗa.

"Haka masu abu suke. Wa ka taɓa gani ya ce shina da magani? Na gane, an hana ka hwaɗi. Ba sai ka ɓata kanka da zancen hitsari ba."

"Yaya, wallahi roba ce. Ko ƙusa ka sa tana hujewa."

Fuskar Lawwali ta canza. "Tau ko rowa ce? Kai ka tsira da shi, ni ɗan'uwanka in tahi da ƙirji buɗe? In ba ka son ba ni ka hwaɗa mani, ba sai ka yi ta rantse-rantse ba."

A nan dabara ta faɗo wa Jabiru. Ai akwai al'ada. Duk wanda ya kawo maganin bindiga, kafin mutum ya ɗaura, a wuyan bunsuru ake rataya shi, a ɗaure bunsurun a gindin itace a harba. In ya faɗi a yanka a ci nama, mai magani ya nemi hanyar garinsu. Ya ce to a gwada, a gaban kowa. Ya san abin da zai biyo baya: ƙirjin da ya fi wahala a kansa zai tarwatse, Malam zai koma Jarka, goron Lawwali ba zai ƙara zuwa ba. Ya ce a ransa gara haka, gani ya kori ji.

Ranar gwaji an kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Filin bayan makarantar firamare ya cika maƙil, har da waɗanda suka zo daga Mabai a kan babura. Barau ya kawo nasa bunsurun don ya nuna ba ya shakka. Aka ɗaura wa dabbar ƙirjin sulken, ya rufe ta daga wuya har ciki, ta tsaya tana ƙyalli tana kuka, tana neman cin maɗaurin. Wanda zai yi harbin Baba Ɗanlahadi ne, tsohon maharbi daga wata unguwar Maguzawa, wanda aka ce bai taɓa ɗaga bindigarsa ta toka ya sauke a banza ba. Ya zo a ƙafa cikin yayyafi, da bindigar a kafaɗa da albarushinsa a ɗan burgaminsa na fata.

Tsohon ya ɗura, ya durƙusa, ya saita. Jabiru ya runtse ido, yana yi wa aikin shekarunsa bankwana.

Ƙyas.

Baba Ɗanlahadi ya dubi bindigar, ya sake ɗana kunamarta, ya ja. Ƙyas. Ko hayaƙi babu.

Filin ya ɗauki kabbara kamar ranar idi. Mutane na tsalle, wasu na rungume juna, wani dattijo ya zauna a laka yana kuka. Don kuwa abin da ya fi harsashi ya zama ruwa shi ne bindiga ta ƙi tashi gaba ɗaya, wannan sai maganin da ya kai magani. Jabiru ya kutsa ya isa wurin maharbin.

"Baba, don Allah ka hwaɗa masu. Albarushinka ne ya sha sanyi, cikin ruwa ka taho."

Tsohon ya san haka ne, don tun da ya ɗebo shi ya ji yana dunƙulewa a yatsa. Amma maharbin da ya tsufa da suna zai tsaya gaban garuruwa ya ce ya bar albarushinsa ya jiƙe kamar sabon shiga? Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike harbi da bindigar ga. Ba ta taɓa ƙi na ba sai yau. Abinka ya hi ƙarhina."

"Tau a kawo wata bindigar! Ga su nan da yawa, a sake!"

Barau ya ɗaga hannu. "Subhanallahi. Ba a gwada magani sau biyu, Malam Jabiru, kai ma ka sani. Raini ne. Wanda duk ya sake harbi kanshi za ta koma." Masu bindigogi suka ja da baya, kowa ya rungume tasa. Jabiru ya roƙa a ba shi ya harba da kansa, aka ce a'a, ba za a bari ya cuci kansa ba, ana bukatarsa.

Ya juya ya ga Lawwali. An kwance ƙirjin daga jikin bunsuru, ga shi a hannunsa yana gwadawa a jikinsa, da warin bunsurun da komai, samari na taya shi ɗaura kafaɗu. Fuskarsa fes, babu ɗigon tsoro, kuma rashin tsoron nan shi ya fi komai tayar wa Jabiru da hankali.

Bai san lokacin da ya fizge adda daga hannun wani ba. Ya warce ƙirjin daga hannun yayansa, ya jefa a ƙasa, ya sara. Addar ta shige kamar a kabewa. Fenti ya ɓare, ruwan ɗorawar jarka ya bayyana, har da guntun rubutun kamfanin man gyaɗa. Ya zazzage sauran kayan daga buhu ya bi su da sara, kafaɗu, damatsa, ƙwauri, yana yi yana kuka wiwi, majina da hawaye, yana ihu.

"Ku duba! Jarka ce! Bokiti ne! Wagga katihwa ce! Ruwan da Malam Barau ya shahwa hitsarina ne, tsoro na ji! Ba ni da maganin komi!"

Hular kwanon ce ta ƙarshe. Ya ɗan tsaya a kanta, don ita ya fi so, sannan ya rufe ido ya raba ta biyu. Ya yar da addar ya tsaya yana haki a tsakiyar tarkacen, yana jiran dariya. Bai taɓa zaton zai yi marmarin a kira shi Jarka ba sai ranar.

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka yi cirko-cirko suna duban juna, suna jiran wanda zai gaya musu abin da suka gani. Barau kuwa, da zancen fitsari ya shiga kunnensa, ya ga in aka yarda da wannan to shi ya gama yawo a garin nan. Ya share murya.

"Jama'a, ba ku gane ba? Ƙarhe bai cin abin ga sai a hannun mai shi. Ya duba ya ga riga guda mutum guda za ta tsare, mu kau muna da yawa. Shi ya sa ya raba mamu. Allahu akbar! Wanga yaro ɗan aljanna ne!"

Kafin Jabiru ya buɗe baki an yi kansa. Ba shi ake nema ba, tarkacen ake wawa. Manya da rawunansu suna rarrafe a laka suna ƙwace guntun bokiti daga hannun juna. Wani ya samu ƙwayar tocila ya jefa a baki don kada a ƙwace. Wani ya tsira da tafin hannu guda na soson katifa, ya rantse ko ubansa ba zai ɗiba ba. Aka ture Jabiru ya faɗi zaune, masu wucewa suna shafa kansa suna sa masa albarka. Yana ta faɗin roba ce, roba ce, har muryarsa ta dushe, ana amsa masa da Allah ya ƙara sutura, Malam.

Baduku bai taɓa ganin kasuwa irin ta wannan makon ba. Layi har bakin titi, kowa da ɗan guntun robarsa a dunƙule cikin hannu, a ɗinke masa a fata ya yi kambu ko laya. Jabiru ya bi su gida-gida. Ya je wurin liman, liman ya yi huɗuba a kan dogaro ga Allah, aka ce amin aka fito da layu a damtse. Ya koma wurin Lawwali har ya durƙusa masa, ya haɗa shi da darajar mahaifiyarsu. Lawwali ya ɗaga shi ya ce ya daina wahalar da kansa, ya riga ya yi mai wuyar.

Ranar tafiya da safe babura suka yi jerin gwano a bakin titi, daidai gaban rumfar liƙi. Mata na leƙe ta kan katanga. Jabiru yana tsaye, ƙarfensa na cikin wuta ya manta da shi. Lawwali ya sauko daga babur ya zo wurinsa da fara'a, ya buɗe maɓallan rigarsa. Ga laya nan sabuwa, jar fata, faɗin tafin hannu, rataye a tsakiyar ƙirjinsa.

"Kowa ya samu abin da ya samu," ya ce a hankali, kamar mai faɗin sirri, "amma ni na ƙirjin sunka bar mani, na daidai zuciya. Sun ce haƙƙina ne, tunda ƙanena ya yi."

"Yaya, don girman Allah ka riƙa bin bayan itace, kamar yadda ka saba."

Lawwali ya yi dariya, ya bar rigar a buɗe. "Itacen mi kuma? Wannan da ne."

Barau ya busa usur daga can ƙarshen layi, inda ya zaɓar wa kansa. Aka tayar da babura. Lawwali ya ɗaga wa ƙanensa hannu, ya hau nasa, ya zagaye sauran ya shige gaba.